Kawage Ya Wanke Kawunan Kakanni

Kawage ɗan Apa ne ya yi wannan ɓarna. Ba ruwan sama ba ne, ba zaizayar dutse ba ce, kamar yadda yake bin gidaje yana faɗa. Shi ne, da hannunsa, da sabulu da burushi. Kuma gwaggonsa Dirua, ƙanwar ubansa, ita ya ci wa amana.

Can ƙasan ƙauyensu, inda kogi ya tsaga dutse ya yi kwazazzabon da rana ba ta leƙa shi sai ta take tsaka, akwai wani kogo. A nan ƙoƙon kawunan kakanninsu suke, goma sha huɗu, kowanne a raminsa cikin bango. Babu rubutu. Ramin shi ne sunan: na sama ta hagu wane, na bayan tsaga wane. Mutum ɗaya ake nuna wa a dangi, shi kuma ya nuna wa ɗaya. Gigmai, uban Dirua, ita ya nuna wa, don a lokacin Apa yana can bakin teku yana aikin gonar kwakwa. Da Gigmai ya mutu, ita ta tono ƙoƙon kansa daga kabari ta kai kogon, ta shafa masa jar ƙasa a goshi, ta ajiye shi a ramin da ya zaɓa.

Bara gwiwarta ta fara gardama, ta ji tsoron kada ta mutu da sunayen a cikinta. Ta ɗauki Kawage ta kai shi, ta kira masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya dafa dutsen ya rantse ba zai kawo kowa ba. Aka yi da shi za su yi ta komawa har ya haddace. Bai sake binta ba. Yau yana garin Kundiyawa, gobe yana da baƙi.

Moro, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita ta kawo mata labari har gonar dankali.

"Ke Dirua, Turawan nan masu manyan jakunkuna da ɗanki yake sauka da su kowace Asabar, ba ruwa suke zuwa kallo ba. Na ga hoto a wayar wata. Kawuna ne."

Asabar da sassafe suka kama hanya su biyu, kowace da sanda, da gasasshen dankali a jakar saƙa da ta rataya a goshi. Gangaren laka ce zalla. Dirua ta riƙa sauka da baya tana kama saiwoyi, gwiwar tana ƙara kamar busasshen itace. Matsattsaku suka hau musu ƙafa. Tun ba su ga kogin ba suke jin rurinsa, har sai sun ɗaga murya.

"In na faɗa ruwan nan, ke za ki ciyar min da aladena," in ji Moro.

"Faɗa ki gani. Da wannan ƙugun naki toshe kogin za ki yi."

"Ji bakin tsohuwa! Ni na ce ki haifi ɗan wa maƙaryaci?"

"Ni na haife shi? Wuce mu tafi."

A gadar igiya dariya ta ƙare. Igiya ɗaya ta takawa, biyu na riƙewa, ƙasa kuwa farin kumfa ne yana dukan baƙin dutse, feshinsa yana jiƙa musu zane. Da suka haye, Dirua ta ga jan fenti a jikin wani dutse, an zana kibiya. Gaba kaɗan wata. Ta bi su tana faɗa wa kanta wataƙila wurin faɗuwar ruwa suke nunawa. Suka bi gefen bangon, inda hanya ba ta fi faɗin tafin ƙafa biyu ba, suka ratsa ruwa har cinya sau biyu.

Sai ga tsagar da ake shiga. Da can ganye ya rufe ta, sai wanda ya sani. Yanzu an sare shi tas, an sassaƙa matakala, ga kibiya ƙatuwa tana nuna ciki.

Ramukan bango duk wayam. An kafa katako a bakin kogon inda haske yake, an jera kawunan a kai daga babba zuwa ƙarami, farare fat. Babu gansakuka, babu baƙin hayaƙi, babu jar ƙasa. Dirua ta bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ta dawo. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Hannun da ya ɗauko Gigmai daga kabari har nan, shi ne ya kasa gane shi.

"Moro," ta ce, "ban san wanne ne babana ba."

Suna nan zaune Kawage ya iso da Turawa huɗu a bayansa, yana musu bayani da hannu. Da ya ga gwaggonsa sai ya bar bayanin ya nufo ta.

"A'a, Gwaggo! Da wannan ƙafar? Ai da kin aiko na goyo ki."

"Ka rantse a kan dutsen nan."

"Gwaggo, gyara na yi. Danshi yana cinye su a ciki. Ƙirga ki gani, ko ɗaya bai ɓata ba. Kuma albarkacin baƙin nan har kwanon rufi za mu sa wa makaranta."

"Ban tambaye ka kwano ba. Nuna min Gigmai."

Ya dubi layin. Ya miƙa yatsa ga na uku, ya janye, ya nuna na biyar.

"Wannan ne... ina jin."

"Kana ji? Kakanka ne kake ji? To wanne ne Dama, wanda ya fara haƙa gona a tudun nan?"

Moro ta tofar da yawu. Wata Baturiya ta ɗaga waya, Dirua ta juyo da sanda, Baturiyar ta sauke wayar ba shiri.

"Ki rage murya, Gwaggo, kina ba ni kunya a gaban baƙi."

"Kunya? Ka tuɓe kakanninka ka shanya su kamar dankalin kasuwa, ni ce nake ba ka kunya?"

Sunayen goma sha huɗu suna nan a kanta, ramukan ma ta san su. Amma wane kai ne na wane rami, wannan ya bi ruwan sabulu. In ta mayar da su da ka, za ta iya sa ubanta a wurin mutumin da suka mutu ba sa magana, ta riƙa kiran wani da sunan da ba nasa ba. Ta bar su a kan katakon. Hawan tudu ya ci musu yini, Moro tana tura ta ta baya, ba wadda ta yi wa wata ba'a.

Kafin su iso, Kawage ya bi ta gajeriyar hanya ya riga su, ya baza cewa ruwa ne ya zubo da kawunan, shi tsince su ya yi.

Washegari Lahadi, ana fitowa daga coci, Dirua ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa a kumbure, ta tare dattawan kotun ƙauye.

"Ni ban yi makaranta ba, ban iya rubuta ƙara ba, ga bakina. Ku kira Kawage. Ba aladen diyya nake so ba, ba haƙuri nake so ba. Ku sauka da shi kwazazzabon nan, ku duka, ya ɗauki kowane kai ya kira sunansa ya mayar da shi raminsa. In ya kasa, ya tsaya a gaban dangi ya faɗa da bakinsa cewa ba ruwa ba ne, shi ne. Ga shi can yana laɓewa bayan mata. Kawage! Fito ka gaya wa mutanen nan inda ka kai min ubana."