Kafaɗar Lonnie Tarver

A ƙarshen watan Agusta Garrity ya kira Vern Lasko ofishinsa, ya ce ya turo ƙofa. Garrity shi ne mai saye da musayar 'yan wasa a ƙungiyar. Vern kuwa shi ke kula da masu jifa a ƙananan ƙungiyoyinta, inda ake renon matasa kafin a hau da su babban fili. Ya doshi shekara sittin, kuma tun da gwiwoyinsa suka hana shi tsugunawa yana cafke ƙwallo, ba shi da sauran aiki a harkar besbol, wasan jifan ƙwallo da dukanta da sanda, sai duba hannun 'ya'yan mutane.

"Yaron nan naka, Tarver," in ji Garrity. "Yaya kake ganinsa?"

"Tun bara ya cancanci hawa babban fili. Ƙwallonsa tana tahowa kamar za ta wuce ta ƙugu, sai ta nutse daidai lokacin da mai sanda ya kai mata duka. Na daɗe ban ga irinta ba."

"Abin da nake gudu ke nan."

Vern ya gane inda aka dosa. Idan kakar wasa ta ƙare, mutum arba'in kaɗai doka ta yarda ƙungiya ta killace. Duk wanda ya daɗe a ƙananan ƙungiyoyi bai kuma shiga cikin arba'in ɗin ba, a taron watan Disamba kowace ƙungiya tana iya ɗauke shi, da sharaɗin ta riƙe shi a babban fili shekara guda cur. Ga waɗanda suka rene shi asara ce. Ga ɗan wasan kuwa, sau da yawa ita ce ƙofa ɗaya tak da za ta taɓa buɗe masa.

"Gurbi ɗaya ya rage mini," in ji Garrity, "kuma na tanade shi don cinikin da nake ƙullawa da hunturu. Ba zan sa Tarver ba, ba kuma zan bari a ɗauke mini shi a banza ba. A Satumba 'yan leƙen wasu ƙungiyoyi, masu neman 'yan wasa, za su cika muku fili. Ka zaunar da shi. Ka ce kafaɗa ce ta gaji."

"Kafaɗarsa lafiya lau take."

"Na sani, Vern, ai ba likita na kira ba. Kowa yana yi, kai ma an sha yi a gabanka. Disamba ta wuce, bazara ta zo, mu kira shi sansanin horo ya nuna kansa. Alkawari na yi maka."

"Shi kuma me zan ce masa?"

"Abin da za ka ce wa kowa. In ya ji gaskiya wakilinsa zai ji, in wakilinsa ya ji duniya ta ji."

Gaskiya ne kowa yana yi. Wannan ce maganar da Vern ya riƙa maimaita wa kansa a mota, har ya isa ɗan garin da ƙaramar ƙungiyar take. Ya tarar da Lonnie Tarver a gefen fili yana ɗaure takalmi. Shekararsa ashirin da bakwai, wanda a wannan sana'a yamma ce ta fara yi. Tun ran da ya zo daga Arkansas da jaka ɗaya Vern ke tsaye a bayansa, kuma bai taɓa yi wa Vern musu ba.

"Koci, ni fa ban ji komai ba," in ji Lonnie, bayan ya gama saurare.

"Irin wannan ba a jin ta sai ta yi ɓarna. Na ga hannunka yana makara wajen sauka. Huta kawai, bana ta ƙare maka."

"In ka gani, ai akwai ke nan," in ji Lonnie. Ya kwance takalmin da ya ɗaura.

A Disamba aka yi taron, a wani katafaren otal da ƙungiyoyi duka suka cika. Safiyar zaɓe Vern ya zauna bayan Garrity, ana kiran ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, wasu su ambaci suna, wasu su ce sun wuce. Ya rasa abin da yake roƙo a ransa, a kira yaron ko kada a kira. Ba a kira ba. Da aka tashi Garrity ya juyo ya matse masa kafaɗa yana murmushi.

Da rana aka sanar da cinikin. Garrity ya ba da wani tsohon mai sanda da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya karɓo matasa biyu masu jifa. Ɗaya ya shiga gurbin da aka tanada, ɗaya ya gaji na tsohon. A ɗakin da ƙungiyar ta mai da ofis aka jera hotunan wasansu, Garrity ya nemi kowa ya faɗi ra'ayinsa. Da aka zo kan Vern ya faɗi abin da ya gani: ciniki ne mai kyau, na farkon zai yi amfani tun bana, na biyun yana buƙatar gyaran taku amma hannunsa na gaske ne. Yana magana yana jera masu jifan ƙungiyar a zuciyarsa, daga na gaba zuwa na baya, kuma ko ta wace fuska ya jera sai ya ga babu wurin Lonnie a jerin, yana bakin ƙofa daga waje.

Ya jira aka watse.

"Maganar bazara fa?"

"Zai zo sansani, ban fasa ba," in ji Garrity yana tattara takardu. "Wuri ne dai babu. Kai ma yanzu ka faɗa da bakinka, yaran nan sun fi shi shekaru a gaba."

"To ka musanya shi. Ka tura shi inda zai yi wasa."

"Ka ɗauka ban gwada ba? Ko a matsayin gyara na ɗora shi a kan cinikin nan, suka ce in riƙe kayana. Na tallata shi wajen wasu ma, ba wanda ya taya. Aikinka ya yi kyau fiye da kima, Vern. Duk otal ɗin nan an san kafaɗar Tarver."

Vern ya sauko ƙasa. A wajen shan kofi ya hangi Otis Bellamy, ɗan leƙen wata ƙungiya ta yamma, wanda suka yi wasa tare tun suna samari, suna kwana a motar haya ɗaya daga gari zuwa gari.

"Kai, tsohon nan, har yanzu ba su kore ka ba?" in ji Otis.

"Suna jira a fara da kai."

"Ni ai ba za a iya ba, na san inda kowa ya ɓoye wandonsa. Zauna. Fuskar nan fa? Ku da kuka yi wa mutane fashi da rana tsaka, ya kamata ka sayo mini kofi."

Vern ya zauna. Bai san ta inda zai fara ba, sai Otis ya sauƙaƙe masa.

"Wallahi yaronka ya ba ni tausayi. Na gan shi a Yuli, na koma na ce wa manyana ga wanda za mu ɗauka in aka bar shi a waje. Ido rufe muke neman mai jifa. Da yau da safe sunansa ne na farko a bakinmu. Sai ga maganar kafaɗa."

"Ba abin da ya sami kafaɗarsa, Otis. Ni na zaunar da shi don kada ku gan shi."

Otis ya dube shi, ya fashe da dariya har kofi ya zuba a faranti.

"Haba, mutumina! Da safe maigidanka ya yi talla ba a taya ba, da yamma kafaɗa ta warke? Wane likita ne wannan, in kai masa bayana?"

"Na rantse maka."

Dariyar ta tsaya. Otis ya goge hannunsa, ya daɗe yana kallon Vern.

"A ce na yarda da kai. Me zan je in ce? Mutumin da ya yi mana ƙarya a Agusta ya ce yanzu gaskiya yake faɗa? Su ma dariyar za su yi mini." Ya ture kofin gefe. "Abu ɗaya zan iya. Kai ni in gan shi da idona. In ƙwallon nan tana nutsewa yadda na gani a Yuli, zan tsaya masa, ko da za a ce tsufa ya taɓa ni. Ba don kai ba, ka ji, don kai ba ka cancanta ba."

A Janairu suka tafi Arkansas a motar Otis. Lonnie yana zaune a gonar surukinsa, yana aiki a shagon abincin dabbobi kafin bazara. A wani dogon ɗakin kaji da aka daina amfani da shi ya tara ƙasa ya yi tudun jifa, ya rataye tsohuwar katifa a can ƙarshen bango. Sanyi yana shigowa ta ramukan kwano. Lonnie ya tarbe su da murna, ya gaisa da Otis da hannu biyu, domin ya san me zuwan ɗan leƙe har gona yake nufi.

"Koci, za ka ga abin mamaki," in ji shi. "Ban zauna ba ko kwana ɗaya."

Vern ya ari safar hannu ta cafke ƙwallo, ya tsuguna gaban katifar da ƙyar. Otis ya tsaya bayansa da na'urar auna gudu.

Tun kafin ƙwallon farko ta bar hannun Lonnie, Vern ya ga jifan ya canja. Da, hannun daga sama yake zuwa, kusa da kunne. Yanzu ya sauko gefe, yana sharo iska kamar mai yankan ciyawa. Ƙwallon ta taho a miƙe, ba nauyi, ta shiga safar daidai inda ta nufa tun farko. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Irin wadda mai sanda na babban fili zai aika bayan katanga ba tare da ya yi gumi ba.

"Wa ya sauke maka hannu?" in ji Vern.

"Ni da kaina, sai wani mutum a Little Rock da ya taimaka mini. Tun da ka gaya mini na zauna na yi tunani. Na ce in jifan sama ne ke cin kafaɗar, gara in canja tun da wuri. Tun Satumba nake fama da shi, kullum. Gudun ne bai dawo ba tukuna."

"Jefa mini yadda ka saba."

"Koci, kafaɗar fa?"

"Jefa, na ce."

Lonnie ya ɗaga hannu sama. A tsakiyar jifan wani abu a jikinsa ya noƙe, ƙwallon ta tashi ta daki kwanon rufi da ƙara. Ya yi dariyar kunya, ya sake. Wannan ta bugi ƙasa tun ba ta kai rabi ba. Ya sake, ya sake. Wata ta zo kusa, amma ba ta nutse ba. Hannun yana neman hanyar da ya bi shekara da shekaru, ya kasa samun ta.

Otis ya mayar da na'urar cikin jaka. Ya ce wa Lonnie ya gode, ya yaba tudun da ya gina, ya ce zai je mota ya ɗan ji ɗumi.

Vern ya dafa bango ya miƙe. Ya tako har gaban tudun, ya faɗa masa duka, a jere, ba tare da ya sassauta komai ba: gurbin da aka tanada, da maganar Garrity, da abin da Otis ya yi niyyar yi a Disamba. Ya ce hannunsa bai taɓa makara ba, shi ya ƙirƙira.

Lonnie ya saurara yana juya ƙwallo a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Wato da sun ɗauke ni."

"Da sun ɗauke ka."

"Shekara guda a babban fili."

Vern ya gyaɗa kai.

"Ka san abin dariyar, Koci? Yanzu kam tana ciwo. Ba kafaɗar ba, nan." Ya nuna gwiwar hannunsa ta ciki. "Tun Nuwamba. Na ɗauka tsohon ciwon ne ke saukowa, shi ya sa na ƙara ƙaimi."

"Za mu kai ka wajen likita. Za mu koma farko, ni da kai, a hankali. Na taɓa ganin wanda hannunsa ya dawo."

"Mai shekara nawa?"

Wanda Vern yake nufi yaro ne ɗan shekara ashirin, kuma Lonnie ya san shi.

"Ba ni safar," in ji Lonnie. "Ta surukina ce."

Vern ya cire ya miƙa masa. Ya tsaya kaɗan ko za a ƙara wata magana, ko zagi ne. Lonnie ya juya ya fara tsince ƙwallayen da suka warwatse yana zubawa a bokiti.

A mota Otis ya kunna inji, bai ja ba tukuna.

"Ba zan iya ba, Vern."

"Na sani."

"In suka tambaye ni, zan ce na je na gani, kafaɗa ce kamar yadda aka faɗa. Ya fi masa sauƙi a kan in ce ya manta jifa."

Ya sa giya. Suka bi hanyar gonar a hankali saboda laka, suka wuce ɗakin kajin, ƙofarsa a rufe.