Unguwar da Inuwa Ta Ɓoye

Duk wanda ya zauna a kujerar Baba Mai Aski ya san ba kansa kaɗai ya kawo ba, har da kunnensa. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ya ga ba ka da hanyar gudu, sai ya fara yi maka wa'azin dashen itace. Ango ya zo gyaran fuska, ya tafi da ɗan mangwaro a leda. Wanda aka yi wa haihuwa ya zo, ya tafi da darbejiya. Wanda ya ce ba shi da wuri, Baba zai bi shi har gida ya nuna masa wuri. Da haka, shekara ta bi shekara, unguwar ta rufe ruf da ganye, har baƙo in ya shigo da rana tsaka sai ya naɗe lemarsa. Shi kuwa Baba a gindin mangwaron ƙofar gidansa yake aiki, madubi rataye a jikin itacen, benci biyu na masu jira. Wannan mangwaro shi ya fara dasawa, kuma ba ya ɓoye cewa ya fi son sa a kan wasu 'yan'uwansa.

Abu ɗaya ne unguwar ta rasa, makarantar firamare. Wadda ake da ita tana tsallaken babban titi, inda manyan motoci ke wucewa ba sa ko rage gudu. Kullum da safe Baba yana kallon iyaye sun riƙo hannun yara suna jiran sarari. Ga shi jikarsa, wadda yake kira Tsuntsuwa saboda surutu, baɗi za ta shiga aji ɗaya. Yarinya ce da ba ta san tafiya ba sai gudu, kuma tunaninta a bakin wancan titi yana hana shi sakat.

Saboda haka ranar da labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta gina sabuwar firamare guda ɗaya, a unguwar da ta fi yawan jama'a cikin waɗanda ba su da ita, Baba ya bar wani mutum da rabin kai a aske ya shiga gida ya canza riga. Shi ne shugaban ƙungiyar unguwa, ba don an zaɓe shi ba, sai don babu mai iya ja da shi a magana. An ce duk bayanin yana intanet, don haka ya nufi shagon Autarsa, uwar Tsuntsuwa, wadda ke buga wa mutane takardu da kwamfuta a bakin kasuwa.

Auta ta ba shi kujera ta shiga nema. Baba ya ɗauka intanet kamar ofis ne, ka yi sallama a amsa maka. Ashe kasuwa ce da ba ta da layi. Shafin farko da suka buɗe hoton shugabanni ne suna yanka kirtani. Na biyu ya ce a dawo an jima. Na uku kasafin wata shekara ce da ta daɗe da wucewa. Baba ya fara tsaki yana cewa a danna can, a danna nan, yana dangwala yatsa a gilashin kwamfutar har ya bar mata tabon man aski. Auta dai ba ta kula shi ba. Ta bi ta sashen tsare-tsare, daga nan ta faɗa na gidaje, a ƙasansa ta ga wani ɗan rubutu ƙarami da ya kai ta shafin ƙiyasin jama'a. Taswirar garin ta buɗe, hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama.

Baba ya gyara tabarau. Ga babban titi nan, ga kasuwa, ga unguwar tsallake rufin kwano reras yana ƙyalli. Ya nemi tasu unguwar, sai ya ga wani kore shar kamar an shimfiɗa bargo. Da farko daɗi ya kama shi, har ya bugi ƙirji ya ce a duba aikin hannunsa. Sai Auta ta karanta masa abin da aka rubuta a gefe, muryarta na raguwa. Tun da ƙidayar ƙarshe ta tsufa, hukuma tana ƙiyasta jama'a ne da yawan rufin da aka gani a hoto. An sa unguwarsu cikin wurare masu ƙarancin gidaje.

"Ƙarancin gidaje?" in ji Baba. "Mu da ko kaza ba ta samun wurin juyawa?"

"Baba, na'urar ba ta ga gidajen ba. Itatuwanka ta gani."

Ya ɗauki hularsa da ya ajiye a gwiwa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Da yamma aka taru a gindin mangwaro. Shawara ta yi yawa, hankali ya yi kaɗan. Wani ya ce a fito da kowa filin ƙwallo, manya da yara, a yi ta ɗaga wa sama hannu har tauraron ya gani. Wata ta ce a shanya fararen zannuwa a kan rassa. Baba ya bari suka gama, sannan ya miƙe ya faɗi abin da ya yini yana ci masa rai: tunda rufi ake ƙirgawa, sai a buɗe rufi. A sare itatuwan da suka rufe gidaje, in aka samu makaranta a sake dasa wasu. Auta ta roƙe shi ya dakata, ta ce ba ta gama bincike ba, shafin yana da lunguna da yawa da ba ta leƙa ba. Ya ce mata ya ji, irin jin da iyaye ke yi wa 'ya'yansu.

Sai Tela, abokinsa tun na ƙuruciya wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya yi gyaran murya.

"To madalla. Amma fa an ce wanzami ba ya son jarfa. Namu za a sare, ko har da wannan da muke zaune a gindinsa?"

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Maganar ta soke shi, don ya san a ransa ya riga ya fara nema wa mangwaronsa uzuri.

Washegari da hantsi ƙarar injin zarto ta tashi unguwar. Baba da kansa ya cire madubi daga jikin itacen, ya janye benci, ya tsaya ya harɗe hannu a baya. Mai zarto ya tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata, Baba ya ce masa ya yi aikinsa. Da reshen farko ya faɗi sai ya ji kamar haƙorinsa aka cire. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma bai ji kunyar share ido a gaban mutane ba, ko da yake ya ce garin katako ne ya shiga. Tela ya zo da gudu ba ko takalmi, yana cewa shi fa wasa yake yi. Baba ya ce masa ya je ya kwashe kekensa na ɗinki daga inuwa, don daga nan gidansa za a nufa.

Kafin azahar mangwaro ya kwanta. Rana ta sauko ƙofar gidan ta zauna daram kamar mai gadon wurin. Mai zarto yana zuba wa injinsa mai ke nan sai ga Auta ta sauko daga babur, kwamfuta rungume a ƙirji. Ta ga kututture, ta ga ubanta, ta dafe kai. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta tuna wa ke gabanta, ta haɗiye.

Ta ɗora kwamfutar a kan kututturen, tunda yanzu ya zama tebur. Tun safe ta rufe shago tana tono, in ji ta, kuma ta samo abu biyu. Na farko, hoton sama ba kullum ake ɗaukarsa ba. Kafin a ɗauki sabo an daɗe da yanke maganar makaranta, don haka ko an aske unguwar tas babu wanda zai gani. Baba ya nemi benci ya zauna. Na biyu kuwa, a wani shafin taswira na daban ta gano ana ajiye tsofaffin hotuna, akwai ɗan maɓalli da ake ja baya, shekaru su koma.

Ta ja shi a hankali. Koren bargon nan ya fara yagewa. Ta ƙara ja, itatuwa suka ƙanƙance suka koma ɗigo-ɗigo, sai ga rufi na fitowa, kwano a jikin kwano, lungu a bayan lungu, har ya fi na tsallake cunkoso. Mutane suka yi caa a kan kwamfutar. Kowa na neman gidansa. Tela ya gano nasa tun bai yi ɗakin baya ba. Wata tsohuwa ta ga rijiyarta da aka daɗe da cikewa ta yi ta salati. Wasu maƙwabta biyu suka so tayar da tsohuwar rigimar katanga, aka ce su bari sai an samu makaranta. Mai zarto ma ya leƙa, ya ga ba sauran aiki, ya saɓa injinsa ya kama gabansa.

Baba ya daɗe yana kallon ɗan ɗigon da ke ƙofar gidansa a hoton, sannan ya dubi kututturen da ke ƙarƙashin kwamfutar.

"Da na jira ki," ya ce.

"Da ka jira ni, Baba."

"To, aikin gama ya gama. Wa ake kai wa wannan?"

Wannan ma ta nemo. A can ƙasan shafin hukuma akwai wurin da jama'a ke shigar da ƙorafi a kan ƙiyasi, kuma lokaci bai ƙure ba. Ta tura tsohon hoton da sabon gefe da gefe. Amma Baba bai yarda da saƙon da ba a ga fuskar mai karɓa ba, don haka ya sa ta buga su a takarda, ya sa babbar riga, suka tafi ofishin tsare-tsare shi da ita da Tela. Jami'ar da suka tarar mace ce mai fara'a, tebur cike da naɗaɗɗun taswirori. Ta riga ta ga saƙon, ta ce, kuma ta ji daɗinsa, don ta daɗe tana shakkar wannan koren wuri, sai dai ba ta da hujjar da za ta nemi a sake dubawa. Za ta tura ma'aikata su shiga da ƙafa su ƙirga ƙofofi. Tela, da bakinsa ba ya ajiya, ya ba ta labarin mangwaro. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya ta kasa, sannan ta yi wa Baba jaje da gaske, ta roƙe shi kada a ƙara taɓa ko reshe ɗaya.

Ma'aikatan sun zo, sun sha inuwa, sun gaji da ƙirga. Yara kuwa ba sai an nemo su ba, su suka yi ta binsu a baya har suka fita. Da sakamako ya fito a shafin, Auta ta karanta shi a tsaye a ƙofar gida, unguwa ta ɗauki guɗa. An ba su makarantar, a gefen filin ƙwallo.

Sana'ar Baba dai ta sha wuya. Ya kafa rumfar buhu, amma masu aski suna zuwa suna gumi suna mita, wasu har suna tambayarsa da gangan ko ya san inda ake samun irin mangwaro. Yakan ce su yi shiru ko ya yanke musu kunne.

Bayan an buɗe makaranta, wata safiya Auta ta biyo da wayarta tana dariya tun daga nesa. An sa sabon hoto, ta ce. Baba ya ajiye almakashi ya karɓa. Unguwar na nan kore shar yadda take. A gefe ga dogon rufin makaranta sabo fil. A tsakiyar koren kuma ga wani ɗan fili fari, zagayayye, da rufi ɗaya tal a cikinsa yana ƙyalli. Tela, wanda ke kan kujera da ƙyalle a wuya, ya miƙo kai ya gani, ya ce wallahi sanƙo ne, Mai Aski ya yi wa unguwa sanƙo. Masu jira suka kwashe da dariya, wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Baba ya karɓe ta ya sake dubawa da kyau. Ya ce duk kawunan da ya aske a duniya, wannan ne kaɗai aka gani daga sama, don haka a buga masa shi babba ya rataya kusa da madubi.

Ana cikin haka Tsuntsuwa ta fito daga gida a guje, jaka na tsalle a bayanta, ta ce masa ta makara. Ya ɗaga hannu zai ce a riƙe ta, kamar yadda ya saba ganin ana yi wa 'yan makaranta, sai ya tuna babu abin da za ta tsallaka. Ya sauke hannun, ya tsaya a cikin ranarsa yana kallonta har ta shige inuwar lungu.