Layi Ba Kyau

Farfesa maƙaryaci ne, kuma marowaci. Ba zan sakaya ba.

Da aka jawo wa jami'ar layin intanet mai sauri, wanda ya ratso ta ƙarƙashin teku ya haɗa ta da jami'o'in wasu ƙasashe, shi aka damƙa wa makullin ɗakin taron. Ɗaki ne mai sanyi, da dogon tebur, da allo kamar na talabijin da ya cika bango. Duk Talata masu binciken cutar da ke ƙona ganyen hatsi sukan bayyana a allon, kowa daga ƙasarsa. Sharaɗin ƙungiyar tasu ɗaya ne: abin da ka gano, ka tura wa kowa.

Farfesa ya iya kwasar na mutane. Hotunan da a da yakan wuni yana jiran saukarsu, yanzu kafin ya kai kofin shayi baki sun iso. Nasa kuwa ya danne, wai kada a riga shi bugawa a mujalla. In aka tambaye shi sai ya marairaice ya ce, "Ku yi haƙuri, layinmu ba kyau."

Mataimakinsa, wanda ake ce wa Dogo, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ƙaryar nan ta tsufa fa. Zamanin tsohon layi ta yi mana rana, amma yanzu ko ƙiftawa ka yi suna gani."

"Kai Dogo, tsawo kawai Allah Ya ba ka. Wa ya tambaye ka?"

Daga ranar ya hana shi shiga ɗakin. Dogo ya nemi canjin sashe, ya tafi. Farfesa ya koma zama shi kaɗai a kan dogon tebur, kujeru babu kowa.

Wata Talata shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa mai furfura, ta kira shi.

"Malam, naka sakamakon kaɗai ya rage. Shuka ta ƙarato, manoma na jira."

"Wallahi Hajiya, layin nan namu..."

Ta gyara zaman tabarau, ta matso kusa da allo.

"Ga ƙuda nan a bakin kofinka, har ƙafafunsa nake gani. Layin da ya kawo mini ƙuda ne ya kasa kawo sakamako?"

Ba wanda ya yi dariya. Fuskokin suka riƙa ɓacewa daga allon ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

Har yau makullin yana aljihunsa. Duk Talata yakan shiga, ya goge tebur, ya kunna na'ura, ya zauna. Allon ya nuna masa wani tsoho da kofin shayi, yana kallonsa. Ya gyara wuyan riga, tsohon ma ya gyara.

An cire shi daga ƙungiyar. Layin yana nan lafiya lau, ba mai kiransa.