Hannayen Ilinca

"Uwar yarinya, riƙe mata ƙafafu mana! Ɗinki zan yi ko kokawa?" in ji ma'aikaciyar jinya.

Viorica ta danne ƙafafun 'yarta. Ilinca, 'yar shekara biyar, santsin ƙanƙara ne ya kwashe ta a ƙofar makaranta, kanta ya fashe dab da inda aka dasa mata na'urar ji. Likita ya ce na'urar da ke cikin kan ba ta taɓu ba, amma ta wajen, mai maƙalewa a bayan kunne, ba za ta koma ba sai kumburi ya sace. Ana cire ta duniya ta yi wa yarinyar tsit. Ga allura, ga fuskokin da ba ta sani ba, ta kuwa ɓarke da ihu kamar ana yanka ta.

"Ilinca, ga ni nan, yanzu za a gama," Viorica ta yi ta faɗa, har da kara baki a kunne.

"Wa kike wa magana? Ki yi mata da hannu mana, yadda kuke yi a gida," in ji ma'aikaciyar.

Ba su da wani yadda suke yi. Tun ranar da aka kunna na'urar, malamar koyar da magana ta ja mata kunne: ban da hannu, in yaro ya sami hanya mai sauƙi ba zai wahalar da bakinsa ba. Viorica kuwa ba ta yin abu rabi da rabi. In Ilinca ta nuna ruwa da yatsa, sai ta furta "ruwa" kafin ta sha. Hannun da ya motsa a kan tebur, ƙarƙashin cinya zai koma. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, yarinya ta yi baki har maƙwabta na mamaki, uwa kuma tana alfahari. Yau ga bakin, ba ya isar da komai.

Ƙofa ta buɗe, surukar Viorica, Paraschiva, ta faɗo daga kasuwa, tana ƙanshin cukun da take sayarwa.

"Mama, ki tsaya a waje, sun hana shiga."

"Sun hana wa? Matsa min, ke dai. Yarinya na neman shiɗewa, kina mata wa'azi kamar a coci."

Tsohuwar ta tsaya inda jikarta za ta gan ta. Ta daki ƙirji sau biyu, ta mintsini nata damtsen, ta hura wurin. Ihun ya ragu, ya koma shessheƙa. Sai ga hannayen Ilinca sun tashi suna zuba zance, tsohuwa na amsawa, har aka ɗinke aka naɗe kan.

Kishi da kunya suka turnuƙe Viorica lokaci guda.

"Tun yaushe, Mama?"

"Wa yake mata wanka in kina wurin aiki? Ana cire abin nan saboda ruwa. So kike in zauna da jikata muna kallon juna kamar gumaka?"

"To me ta ce?"

"Wai ƙanƙara ce ta ture ta, a je a rama mata. Ta tambayi jar hularta. Ta ce..." Tsohuwar ta haɗiye sauran.

A daidai nan Ilinca ta juyo ta ga uwarta na kallonta. Nan take ta cusa hannayen biyu a ƙarƙashin cinya, ta sunkuyar da naɗaɗɗen kanta.

"Me ta ce, Mama?"

"Ta ce kar in gaya miki, za ki yi fushi."

Viorica ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ashe 'yarta, da jini a kai da allura a fata, ita take tsoro. Ta durƙusa a bakin gadon, ta zaro hannayen ɗaya bayan ɗaya, sun yi sanyi ƙalau. Ba ta san komai ba sai abin da ta gani ɗazu, don haka ta daki ƙirjinta sau biyu.

Ilinca ta dube ta. Sannan ta kamo hannun uwar, ta lanƙwashe mata yatsun ta dunƙule su, ta mayar mata a ƙirji.

"Ba haka ba, Mami," ta ce da muryar da ita kanta ba ta ji. "Sake."