Hannun da Ɓeraye Suka Sani

Shekarata goma sha tara ina kula da ɗakin ɓeraye a sashenmu na bincike, ba a taɓa ce min maƙaryaciya ba sai da Auta ya zama Dakta. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi, ni na share masa majina, yau shi ne shugaban ɗakin gwaji, kuma ya daina kirana Yaya, sai Malama.

Aikinmu a kan galanin ne, wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, fitutari, ita ke sakin sinadarin girma cikin jini. So muke mu gani ko galanin na zuga ta ta ƙara saki. Na yi wa ɓeraye allurarsa, na ɗebi jininsu, sinadarin girma ya yi sama. Auta ya maimaita da hannunsa, bai ga komai ba. Maimakon ya tako ya tambaye ni, sai ya rubuta wa Farfesa, shugaban sashe, cewa ƙirƙirar sakamakon na yi, a sallame ni.

Farfesa ya kira mu ofishinsa.

“Ranka ya daɗe, kyan sakamakon Malama ya yi yawa,” in ji Auta. Ko kallona bai yi ba.

“Kai Auta, ni kake wa ƙazafi?”

“A nan Dakta nake.”

“Daktan wa? In ka isa, zo ka nuna wa Farfesa yadda kake ɗibar jini.”

Farfesa ya ɗaga hannu. “Ya isa haka. Gani ya kori ji. Mako mai zuwa kowa ya ɗauki ɓeraye shida, ya yi a gabana. Ni zan sa wa kwalaben jinin lamba, ni zan auna.”

Ranar, Auta ne ya fara. Turarensa ya riga shi shigowa, sannan ya banko ƙofa, takalmi na ƙwas-ƙwas. Ya buɗe keji ya damƙo ɓera da tawul, ya matse shi kamar mai matse wanki. Ɓera ya tsandara ihu, ya tsula masa fitsari a safar hannu, sauran duk suka cure a lungu. Haka ya yi wa shidan allura, haka ya tatsi jini daga jelarsu. Na tsaya ina kallo, raina kamar ya fita don takaici.

Nawa kuwa tun kwana bakwai na sa wa kowanne siririn tiyo a jijiya, na fito da shi ta saman keji zuwa bayan labule, abin da Auta ke kira tsohon yayi da ɓata lokaci. Kullum da safe ni ke sa musu abinci, sun san hannuna, sun san warin rigata. Na cire takalmi na zauna bayan labule, na tura galanin ta tiyo, na riƙa jan jini duk bayan minti goma sha biyar. Wani na ci, wani na sosa kunne, ba wanda ya san ana yi masa komai. Ɓera in ya firgita, fitutarinsa ɗaukewa yake yi, ya daina sakin sinadarin girma. Kowane mai shara a ɗakin nan ya san haka, sai mai digiri uku.

Bayan kwana biyu Farfesa ya shimfiɗa takardu biyu a tebur, kowace da layin da ke nuna hawan sinadarin girma. Layin Auta a kwance yake kamar tabarma. Nawa ya miƙe tsaye a duka shidan. Farfesa ya ɗauko takardar ƙarar ya yaga ta gida huɗu.

“Dakta, ba galanin ka auna ba, tsoro ka auna. Ka je ta koya maka aiki.”

Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Zuciyata tafasa kawai take yi.

Washegari ina canza wa ɓeraye ruwa, na ji an ƙwanƙwasa a hankali. Auta ne, yana murza yatsu kamar ranar da ya fasa madubin Inna.

“Yaya…”

“Yau kuma?”

“Don Allah, Inna ta ji maganar takardar nan?”

“Ba ta ji ba, ba kuma za ta ji daga bakina ba. Ba don kai ba, don hawan jininta.”

“Yaya, kuskure ne, na ɗauka…”

“Kuskure shi ne ka matse ɓera. Ka zauna ka rubuta sunana, ka sa hannu a ƙasa, wannan ba kuskure ba ne.” Na nuna masa famfon da ke baranda. “Je ka wanke turaren nan, ka cire takalmi, ka dawo ƙarfe tara. Kuma a nan Malama nake.”

Ya juya ya nufi famfon. Na rufe ƙofar a hankali, saboda ɓerayen.