Jinin Kellu

…kuma ba ta ma san abin da ta gani ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Kellu, ƙanwata, da ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, ita ce ta sa ido a madubin likita mai ƙara girman abu, ta ga jininta. "Kamar an watsar da murjani, Yaya." Murjani! Ta yi dariya, ta manta.

Ga ta nan a tabarma, jiki kamar garwashi. Inna ta tafi kasuwa da kanwa. Kinin ɗin da ka aiko, Abarshi, maganin zazzaɓin, yana hannuna, ƙunshe a takarda — ka ce a ba ta da azahar. An kira salla. An ma idar.

Ni ce na karanta, Abarshi. Ni. Littafin nan mai zane-zane da ka ara mini, da ɗan faransancin da na tsinta a tsoffin littattafan lakwal na Yaya Ma'azu, na makarantar boko, ina haɗa baƙi da baƙi a bayan rumbu… Jikin mutum ƙwayoyi ne, ɗakuna ƙanana da ido ba ya gani. Kowace da tantaninta, siriri, shi ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai tsaya waje. Ciki ruwa mai yauƙi. Tsakiya kuma cibiya, ita ke da iko da ɗakin, in ƙwaya za ta zama biyu ita ke fara rabuwa. Na faɗa maka duka a zaure, ban yi tuntuɓe ba. Ka ce, "Kai, Malama, so kike ki ƙwace mini aikin anfarme, ki zama mataimakiyar likita?" Malama. Na yi ta juya kalmar nan a raina har gero ya nuna.

Na ce yaushe zan gani da idona. Ka ce likitan ba ya son a taɓa masa kaya.

Ba ya so — amma ranar da na raka Kellu disfansar, ɗakin shan magani, fa?

Ka riƙe yatsanta. Ka huda. Ka shafa a ɗan gilashi, ka ɗiga masa shuɗi, ka sunkuya. Ni ina bakin ƙofa da takalmanta a hannu. Ka daɗe. Me ake nema haka? Ban taɓa ganin ka dubi fuskar kowa tsawon da ka dubi jininta ba. Sannan ka ɗago: "Zo, 'yar tsoro, ki ga kanki." Ita. Ba ka ko waiwayo ba.

Ni lafiyata ƙalau. Damina ta wuce, sauro ya kwantar da rabin garin Gure, ni ko ciwon kai… Wa ke huda yatsan mai lafiya?

Jajayen ƙwayoyin jinin nan ba su da cibiya, shin ka faɗa mata? Dakon iska kawai suke yi daga huhu, su kai, su dawo, har su tsufa. Dako. "Malama, kai mata wannan." "Malama, ya ta kwana?" Abin zazzaɓin cikinsu yake shiga, ya zauna, ya ci, ya hayayyafa, ya fasa ɗakin — lokacin ne sanyi ke kama ta. Yanzu haka. Haƙoranta suna kaɗawa. Duk gidan nan ni kaɗai na san abin da ke fashewa a cikinta, kuma ina zaune.

Tun muna yara haka take. Ta faɗo daga bishiyar goruba, kowa ya ruga — ni na goyo ta har gida, ita aka ba dabino.

In ta warke ba za ka ƙara dubanta ba. In ta warke ba za ka ƙara zuwa zauren nan ba… To wanne nake so? Ka zo saboda ita, ko kada ka zo? Astagafurullahi. Wane irin tantani ne gare ni, da ya bar wannan ya shiga?

Takardar ta jiƙe da gumin hannuna. Ɗaci ya fara fita, ina jin shi ko ban lasa ba.

"Yaya… Abarshi bai aiko ba?"

Idonta a rufe. Ta buɗe baki tana jira, kamar lokacin da nake ba ta kunu tana ƙarama — ba ta ko duba mene ne a hannuna ba.

Ruwan… ina na ajiye ruwan…