Zane Arba'in da Ɗaya a Gefen Maɓalli

Ni ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta aka nuna mini sai in wuce. Wannan ma ni nake faɗa, 'yata ke rubutawa. Amma shekara hamsin da huɗu ina saita piyano, kuma duk waɗanda muka fara tare na raka su makwancinsu. Piyano ya taɓa kufce wa 'yan dako a bene ya bi ta kaina, ya karya mini haƙarƙari uku, bayan wata biyu na miƙe. Tsirkiya ta tsinke ta tsaga mini gira. Ga ni nan dai.

Kunne kuwa, ba a magana. Kai idan an danna maɓalli sauti ɗaya kake ji. Ni uwa nake ji da 'ya'yanta: babbar muryar a ƙasa, ƙananan muryoyi jere a samanta, sirara, wata kamar zare. Idan tsirkiya biyu ba su daidaita ba, 'ya'yan ne ke fara faɗa, ka ji wu-wu-wu. Aikinmu shi ne juya sifana, ƙarfen ɗaure tsirkiya, har faɗan ya kwanta. Haka na koya wa ƙanena Auta, da hannuna a kan nasa, tun ba shi da gemu. Yanzu ya ba sittin baya, yana da nasa masu kiransa, ina da nawa.

A cikin nawa, wanda na fi ji da shi shi ne baƙin piyanon makarantar kiɗa, a ɗakin sama mai taga biyu. Sau biyu a shekara nake zuwa. Masu aikinmu idan sun gama sukan cire katakon gaba, su rubuta suna da rana da fensir a gefen maɓallin farko, inda ba mai gani sai ɗan'uwan sana'a. Ni zane ɗaya nake ja. Arba'in da ɗaya ne a wurin, a jere.

Ranar Talata da hantsi na je, na cire katakon, na danna maɓallin kusa don in ga zanena. Sai ga rubutu a ƙarƙashinsu.

Ban iya karatu ba, amma na san wannan hannun. Harafin farko mai lanƙwasa kamar ƙugiya, shi ne a jikin akwatin kayan aikin Auta. 

Malamar da ke kula da ɗakin tana bakin ƙofa tana ta jujjuya makullai.

Na ce, "Malama, wa ya shigar mini piyano?"

"Baba, zauna mana tukuna."

"A tsaye nake aiki. Wa?"

Ta ce sau uku ke nan, idan na gama na tafi, washegari sai ta kira Auta. Wai ɗalibai na kukan saman yana tsawa, maɓallan ƙarshe na hannun dama. Wai na ɗaure su fiye da kima. A baya bai rubuta komai ba. Wancan karon ne tsirkiya ta tsinke bayan tafiyata, ya sa sabuwa, kuma sabuwar tsirkiya dole a rubuta, don mai zuwa ya san za ta saki.

Wannan doka ni na koya masa. Da ita ya zo ya yi mini rubutu a ƙarƙashin zanena.

Na ce ta kira shi yanzu. Kafin ya zo na zagaye ɗakin ya fi sau ashirin. Yaron da na goya! An kai shi makaranta an bar ni a shagon maigida ina share ƙura, ban ce komai ba. Boko nasa, na bar masa. Kunne dai nawa ne.

Ya shigo da tumbinsa yana haki, tabarau a goshi.

"Yaya, ina kwana."

"Riƙe gaisuwarka, Malam Mai Biro. Ashe bina kake yi kana shara?"

"Haba Yaya. 'Yar shafawa ce kawai nake yi."

"To yau za ka shafa a gabana. Ɗauki sifana."

Na juya baya, na fuskanci taga. Na ce ya saki tsirkiya ɗaya ko ya bari, ya danna, ni zan faɗa. Malama shaida.

Ya fara daga ƙasa, wajen manyan muryoyi. Kafin ya ɗaga yatsa na ce, "Ka taɓa tsirkiyar hagu." Malama ta ce, "Kai!" Ya koma tsakiya. Na ce, "Ba ka taɓa ba, wayo kake." Ya yi dariya. Sau shida, ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce, "Hau sama, inda aka ce na mutu."

Ya ce, "Yaya, ya isa haka."

"Hau!"

Ya danna. Na ji ƙwas, bugun gudumar katakon da ke cikin piyanon, da wata 'yar ƙara a bayansa kamar daga wani gida. Na kasa kunne ina jiran 'ya'yan. Ba su zo ba. Na ce ya sake. Ƙwas. Na juya kunnen dama, wanda ban taɓa shakkarsa ba. Ƙwas.

Na ce, "Ta yi ƙasa. Ka sake ta."

 Na waiwaya. Sifanar tana kan kujera, bai ma ɗauke ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba idon Malama ba ne. Fuskarsa ce. Ya ɗan karkatar da kai, idonsa a lumshe, yatsansa har yanzu a kan maɓallin. Yana sauraron wani abu a ɗakin da ni ma nake tsaye a ciki. Da ana iya cire kunnen mutum a liƙa, wallahi da ranar na cire nasa.

Na ce, "Me kake ji?"

"Uwar, da 'ya ɗaya a samanta. Siririya kamar zare."

"Maganata ce wannan."

"Ai taka ce, Yaya. Wa na sani ban da kai?"

Na ja kujera na zauna. Na ce to shi ma ya juya baya. Na saki tsirkiyar ƙasa ɗaya, kaɗan, gashin kai. Sai da na danna sau uku kafin ya gane. Sau uku! Na ce Malama ta riƙe wannan ma a shaidarta.

Ita ce ta kawo maganar a raba. Na ce ba a raba piyano. Daga baya na ƙirga da yatsa daga dama, maɓalli goma sha takwas, na ce waɗannan na ba shi aro. Saba'in nawa ne, kada in ga sifanarsa a kansu. Ya ce ya ji.

Muka yi aikin tare har rana ta karkata. Na gama nawa, na koma gefe ina kallonsa yana juya sifana a kan abin da ba na ji. Ban ji daɗi ba, kuma har yau ba na ji, kada 'yata ta rubuta wani abu daban.

Da ya gama ya miƙo mini fensir. Na ja zane na arba'in da biyu, na ja shi dogo, ya fi sauran. Ya karɓa zai rubuta nasa.

Na ce, "A ƙasa. Kuma ƙanana."